HALI ZANEN DUTSE, KO A CIKIN WASA

Kowane malamin makaranta a Tudun Wada ta Kaduna ya san abin da ke faruwa a unguwa idan azumi ya kwana goma. Yara su kan fito tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani. Baɗi yaran za su sake, amma Jatau yana nan yadda ya ke. Masu kallo ba su bukatar a gaya musu ko wane ne, gama tafiyarsa da maganarsa sun shaida shi. A kan wannan mu ke so mu jawo hankalin malamai da akawuna, watau yadda a ke riƙe halin mutumin wasa in zai riƙa komowa cikin labari bayan labari.

Dalilin ta da maganar shi ne wani irin wasa da ya fito a Amurka cikin 1974, mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Mutane su kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki mutum guda, ko jarumi, ko ɓarawo, ko mai sihiri. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke faɗin inda a ke da abin da ya auku, saura kuwa kowa ya faɗi abin da nasa mutumin zai yi. In ana shakkar ko abin zai yiwu, sai a jefa ɗan ƙashi mai lambobi irin na ludo, shi ya raba gardama. Labari guda ya kan ɗauki watanni, har shekaru. Sauran mutanen labarin duka, su sarki, su fatake, su mai masauki, a bakin jagora su ke. To, a nan wahalar ta ke. Falken da aka rabu da shi marowaci tun watan jiya, in aka sake gamuwa da shi yau, lalle ne a same shi da rowarsa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan sha'ani. Gizo ya shiga tatsuniya ba iyaka, yau yana fada, gobe yana gona, amma kullum da wayonsa, da haɗamarsa, da tsamin bakinsa, ga kuma Ƙoƙi a gefe. Tsohuwar da ta mai da Gizo mai gaskiya da riƙon amana, jikokinta ne za su fara yi mata gardama. Haka Alhaji Abubakar Imam ya yi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman cikin Ruwan Bagaja, littafin da ya rubuta don gasar 1933. Gari ya sake, dabara ta sake, amma da zarar Zurƙe ya ɓullo, mai karatu ya san za a yi ramuwar gayya tsakaninsa da Alhaji Imam. A nan Kaduna ma, marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu cikin 2023, ya shekara da shekaru yana fitowa Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin, da tsawarsa ta soja da Hausarsa ta bariki, har sunan wasa ya danne na yanka.

Kada a ɗauka riƙon hali ya hana mutumin labari ci gaba. A duba aku cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa cikin 1937. A littafi na ɗaya tsuntsu ne mai tsare Musa ɗan Sarki da labaru don kada ya fita. Daga baya ya zama Waziri, a na uku kuwa ga shi yana horon ɗansa Fasih. Muƙami ya sake, hikima da iya magana suna nan. Kowace sakewa kuma da dalilinta, wanda mai karatu ya gani da idonsa.

Mantuwa kuwa ba ta bar kowa ba. Arthur Conan Doyle na Ingila, mai labarun Sherlock Holmes, ya ce cikin littafinsa na 1887 a kafaɗa aka harbi Likita Watson wurin yaƙi, sa'an nan cikin na 1890 raunin ya koma ƙafa. Har yanzu masu karatu ba su daina yi masa ba'a ba. In babban marubuci ya yi wannan tuntuɓe, ina ga malamin da ke da yara arba'in a gabansa?

Maganin abin yana hannun akawuna. A zamanin En'e ba a dogara da ka wajen haraji ko shari'a, sai a buɗe rajista. Haka ya kamata jagoran wasa ya yi, ko a tebur ne, ko a wasan kwaikwayo na makaranta. Ya ba kowane mutum shafinsa, ya rubuta abin da ya fi so, da abin da ya ke tsoro, da irin maganarsa, da wata alama ta jikinsa. In an tashi daga wasa, ya ƙara abin da ya same shi a ranar, watau wanda ya ci bashinsa, da wanda ya ɓata masa rai, da alkawarin da ya ɗauka. Kafin zama na gaba ya sake karanta shafin. In yana so marowaci ya zama mai kyauta, to, ya kawo sanadin cikin labarin a gaban kowa.

Wani zai ce, ai wasa ne, ina ruwan wasa da rajista? Amsa ita ce, yaron da ya tuna falke marowaci ne, ya shirya dabararsa a kan haka, ya yi aiki da hankali ke nan. In jagora ya sake wa falken hali don mantuwa ko don son ransa, ya zubar da tunanin yaron, ya kuma koya masa cewa lura da halin mutane ba ta da amfani, kome sa'a ce. Wannan mugun darasi ne ga wanda gobe zai zauna da jama'a a ofis ko a kasuwa. Saboda haka muna roƙon malamai su riƙe wannan ɗan aiki da kyau. Allah ya sa mu dace, amin.