Adabi Ko Fasaha: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Zaɓa Wa Yara Fanni

Duk shekara idan sakamakon BEPC ya fito, gidajenmu a Madagascar da Briqueterie sukan shiga muhawara ɗaya: yaro ya bi sashen adabi na A4, ko a kai shi makarantar fasaha irin ta Nkolbisson ko Charles Atangana? Wasu na ganin adabi ɓata lokaci ne, wasu kuma na ganin fasaha mafakar waɗanda karatu ya gagara ce. Duka biyun kuskure ne.

Mu fara da tarihi. Lokacin da aka buɗe jami'ar Yawunde a 1962, ƙasa na buƙatar malamai, alƙalai da ma'aikatan mulki, don haka mai digirin tarihi ko doka bai cika rasa aiki ba. Matsin tattalin arzikin ƙarshen shekarun 1980 ya sa gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata. A 1993 aka zaftare albashi, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. A 2011, da gwamnati ta ce za ta ɗauki matasa 25,000 aiki, dubban ɗaruruwa ne suka kai takardunsu. Ke nan digiri kaɗai ya daina zama lamunin samun aiki.

Wanda ya ci bak a sashen A4 yakan wuce tsangayar adabi a Ngoa-Ekellé ko ta doka a Soa. Kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, amma bayan shekara uku akwai ƙofa ta biyu, wato konkur. ENS ke horar da malaman sakandare, ENAM ke fitar da alƙalai da jami'an mulki, IRIC kuma jami'an diflomasiyya. Guraben kaɗan ne, masu nema jingim. A da, wanda ya tsallake yakan samu albashi da fansho. Wanda ya faɗi sau da yawa yakan koma koyarwa a makarantu masu zaman kansu da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Shi kuwa ɗan fasaha, mai CAP ko bak na F3 a lantarki ko F4 a gine-gine, ko mai BTS na shekara biyu, yakan fara samun na cefane da wuri, domin Yawunde ba ta daina gini, wayarin da gyaran mota ba. Sai dai shi ma da tasa ƙofar: jari. Idan babu kayan aiki da shago, zai daɗe yana yaron wani, guminsa na tafiya aljihun maigida. Kuma kada a manta, manyan makarantun injiniya kamar Polytechnique su ma sai da konkur, kuma sai mai ƙarfi a lissafi.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wace ƙofa za mu iya taimaka wa yaronmu ya buɗe? Idan ya zaɓi adabi, mu tabbatar ya ƙware a Faransanci da Ingilishi duka, tunda su ne harsunan hukuma, ya fara shirin konkur tun shekarar farko, ya kuma riƙe wata sana'a a gefe. Yaranmu da suka tashi da Hausa, Fulatanci da Larabci suna da jarin da ake nema a tafinta, jarida da kasuwanci. Idan ya zaɓi fasaha, mu fara tara masa kuɗin kayan aiki tun yana aji, ko da ta adashi ne, kuma ya koyi rubuta takardar farashi da lissafin riba, domin gwanin da bai iya rubutu ba wani ke karɓar kwangila a kansa.

Malamai sun bayyana cewa duk sana'ar da al'umma ba ta iya rayuwa sai da ita farilla ce ta kifaya. Unguwarmu cike take da teloli, masu tsire da 'yan kasuwa, amma tana buƙatar lauyan da zai tsaya mata a rikicin fili kamar yadda take buƙatar mai gyaran famfo. Mu zauna da yaranmu maza da mata, mu duba makinsu, mu ji ra'ayinsu, mu nemi shawarar waɗanda suka riga su bin hanyar.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ba su abin yi na halal. Amin.