Daga Arlit zuwa Zanzibar: Leƙen ƙarƙashin teku ga wanda bai iya iyo ba

Yaron da ya tashi a Arlit ko Akokan ya san ruwa ne a bakin famfo ko a cikin bido. Garin da aka kafa a 1969 saboda yuraniyom ba shi da kogi, ba shi da tafki, kuma ruwan saman da yake samu a shekara guda sau da yawa bai kai wanda Kano ke samu a mako ɗaya na watan Agusta ba. Wanda ya taɓa ganin ruwa mai zurfi, sai dai idan ya je Timia cikin duwatsun Abzin, ko ya sauka Yamai ya tsaya a bakin kogin Isa.

Idan an ambaci teku a wannan yanki, yawanci labarin ba mai daɗi ba ne. Ta nan matafiya ke bi su nufi Assamaka da Aljeriya, wasu har Bahar Rum, inda kwale-kwale ke kifewa da mutane.

Amma 'ya'yan Arlit ba duka ke Arlit ba. Tun kafin kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akouta a ranar 31 ga Maris, 2021, akwai masu karatu da masu neman abinci a ƙasashen waje, kuma rufewar ta ƙara watsa iyalai. Su da 'yan uwansu na Kano da Maradi da Damagaram suna kallon bidiyo iri ɗaya a TikTok da Instagram: mutum kwance a kan shuɗin ruwa, fuskarsa a nutse, kifaye masu launi na zagaye shi. Wasu sun fara tanadin kuɗi domin su gwada, musamman ango da amarya. Mafi yawansu ba su iya iyo ba, kuma ba kowa ke son faɗin haka ba.

Mene ne abin?

Turawa na kiransa sinokelin. Ba nutso ba ne irin na masu goya tukunyar iska a baya. Mutum yana saman ruwa ne a kife, yana leƙen abin da ke ƙasa.

Kayan aikin uku ne ko huɗu. Akwai tabarau mai roba da ke rufe ido da hanci. Akwai lanƙwasasshen bututu da bai kai rabin mita ba, wanda ake cije bakinsa, ɗaya ƙarshen yana sama da ruwa, ta nan ake numfashi. Akwai takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Na huɗu ita ce rigar ceto, wadda ga ɗan koyo ta fi sauran ukun muhimmanci. Ruwan gishiri ya fi ruwan kogi ɗaga jiki, idan aka haɗa da rigar, mutum zai yi ta lilo a sama ko bai motsa hannu ba.

Wahalar farko ba ta ruwa ba ce, ta numfashi ce. Jiki ya saba jan iska ta hanci, ga hanci a rufe. Minti biyar na farko mutum zai ji kamar an shaƙe shi. Jagora nagari yakan sa ɗan koyo ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya sunkuyar da fuska, ya ƙirga numfashi goma a hankali, kafin a matsa gaba. Idan ruwa ya shiga bututu, ana hura iska da ƙarfi sau ɗaya ya fita. Idan tabarau ya yi hazo, maganinsa yawu: a tofa a ciki, a goga, a ɗauraye. Masu gashin baki su sani cewa ruwa kan ɗan tsiyayo ta ƙarƙashin hanci, domin roba ba ta kama fata sosai a kan gashi. Ba abin tsoro ba ne, a ɗaga kai a zubar.

Wani abin da ke firgita baƙo shi ne, komai a cikin ruwa yakan bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ya fi kusa. Haske ne ke karyewa tsakanin ruwa da iskar da ke cikin tabarau. Kifin da ake gani kamar faranti, da ƙyar ya wuce tafin hannu.

Tafiyar rabin yini

Zanzibar, a gaɓar Tanzaniya, na cikin wuraren da Bahaushe zai yi wannan ba tare da jin baƙunta sosai ba. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, ana jin kiran salla, abinci ba matsala, kuma harshen Suwahili na da kalmomin da kunne zai kama: asubuhi asuba ce, bahari teku, hatari kuma haɗari.

Daga tsohon garin Zanzibar, kwale-kwalen katako mai inji kan kai mutane tsibirin Changuu cikin kusan rabin awa. An gina kurkuku a can a 1893, amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, sai aka mayar da wurin sansanin killace masu cutar shawara. Yanzu manyan kunkuru ne ke zaune a wurin, zuriyar waɗanda aka kawo kyauta daga Seychelles a 1919. Yawancin masu jirgi kan haɗa ziyarar da Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku.

Masu son ganin kifi sosai sun fi nufar Mnemba, a arewa maso gabas. Ana tashi daga gaɓar Matemwe da sassafe, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Tsibirin kansa a hannun wani otal yake, ba a sauka a kai, sai dai jirgi ya tsaya a gefe a shiga ruwa. Awa ɗaya ko ɗaya da rabi a ciki, a fito a ci kankana da abarba, a juyo. Wanda ya fita da wuri zai iya samun Azahar a gari.

Lokaci yana da tasiri. Daga Maris zuwa Mayu ake manyan ruwan sama da ake kira masika, ruwa kan gurɓace, teku kan yi fushi. Sannan tekun Zanzibar na ja da baya ta dawo sau biyu a yini, bambancin kan kai mita uku zuwa huɗu. Inda aka taka da ƙafa da safe, da rana ya shanye mutum.

Murjani yana da rai

Kowace Bahaushiya ta san murjani a wuyan kakarta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba dutse ba ne, gidan wasu ƙananan halittu ne na teku. Jan murjanin ado ya fi fitowa daga Bahar Rum, kuma ayarin raƙuma ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Wanda ake gani a Zanzibar danginsa ne, ba shi ba: wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani a shimfiɗe kamar faifai. A kewayen ƙaramin tsibirin Chumbe kaɗai, wanda aka killace tun 1994, an ƙirga fiye da nau'i 200.

Girmansa a hankali yake. Wasu nau'o'in santimita ɗaya ko biyu suke ƙarawa a shekara, don haka wanda ya gaji ya taka shi domin ya huta zai iya karya aikin shekaru goma da ƙafa ɗaya. Shi ma ba zai tsira ba, domin murjani na yanka, kuma a tsakaninsa akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya. Ɗumamar teku ta riga ta yi masa illa a 1998 da 2016 da 2024, inda wurare da yawa suka koma fari fat. Ba ya buƙatar ƙarin ta'adi daga 'yan ɗaukar hoto.

Haka nan batun dolfin. Wasu masu jirgi kan bi su a guje, jirage biyar ko goma a kan garke ɗaya, su ce wa fasinja ya yi tsalle. Wannan ba wurin ɗan koyo ba ne: ruwan na da zurfi, ga farfelar inji na juyawa a kusa. Dabbobin ma takura musu ake yi.

Ɗan Arlit zai iya yin murmushi a nan. Shekaru miliyoyi da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa yammacin Nijar har ƙasar Sakkwato. Akwai ma wani tsohon ƙadangaren teku da masana suka raɗa wa sunan Goronyo, saboda a yankin aka tono ƙasusuwansa.

Inda haɗarin yake

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce a gaba. Ba duka a teku ba, ba kuma 'yan yawon buɗe ido ba ne yawancinsu. Amma dalilin bai sauya ba: mutum ya shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa.

A irin wannan tafiya, abin da ya fi igiyar ruwa haɗari shi ne kunya. Saurayi a gaban amaryarsa ko abokansa, ga Turawa na faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ƙi karɓar rigar ceto, ko ya kwance ta domin hoto ya yi kyau. Ba sai ruwa ya yi zurfi ba. Kurɓa ɗaya ta ruwan gishiri, tari ya sarƙe, mutum ya ruɗe ya fara dukan ruwa, shi ke nan.

A bakin teku akwai samari masu tallar tafiya da rahusa, wasunsu na da gaskiya, wasu dillalai ne kawai da ba su san jirgin da za a shiga ba. Kafin a biya, a tambaya: akwai rigar ceto ga kowane fasinja, kuma daidai jiki? Jagora zai shiga ruwa tare da mutane, ko zai zauna a jirgi yana danna waya? Akwai tayar ceto mai igiya da ɗan koyo zai riƙe a ja shi? Wanda ya yi ta kame-kame a kan waɗannan, a bar shi da rahusarsa. Mai ciwon zuciya ko asma ko farfaɗiya ya fara ganin likita. Mai jiri a mota ya sha magani kafin a tashi, domin jirgi a tsaye kan igiyar ruwa ya fi hanyar Tawa zuwa Arlit juya ciki. A sa riga mai dogon hannu. Baƙar fata ma rana na ƙona ta idan baya ya yi awa guda a shanye.

Mata ba sai sun cire sutura ba. Akwai kayan iyo masu rufe jiki har kai. A Nungwi, arewacin tsibirin, wata ƙungiya mai suna Panje Project ta daɗe tana koya wa 'yan mata da matan gari iyo cikin irin wannan shiga, a wurin da da can ba a san mace da shiga teku ba. Abin da ba a so shi ne doguwar abaya ko zani, masu shan ruwa su naɗe ƙafa.

Kafin a kama hanya

Tafiyar ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Daga Arlit sai an yi fiye da kilomita 1,000 zuwa Yamai, sannan jirgi ta Addis Ababa. Masu fasfon Nijar da Najeriya na neman bizar Tanzaniya tun daga gida ta intanet, ba a filin jirgi ba, kuma takan ɗauki lokaci. Ana buƙatar katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta kuma wajabta wa baƙi sayen inshora ta dala 44. Masu zama Dakar na da tsibirin Ngor kusa da su, 'yan mintoci a kwale-kwale, mazauna Jidda kuma ga Bahar Maliya a ƙofar gida, wadda murjaninta na cikin mafi kyau a duniya.

Wanda ke da niyya, kwana biyu ko uku a wurin wanka na otal a Yamai ko Kano zai rage masa tsoro ƙwarai, ko da abin da ya koya bai wuce kwanciya a bayansa a saman ruwa ba. Sai kuma jimla ɗaya ta Suwahili da za a gaya wa mai jirgi tun ƙafa na kan yashi: sijui kuogelea. Ma'anarta, ban iya iyo ba.