Bayani a Kan Na'urar Yayyafi da Ban-Ruwan Ƙasar Kura

Garin Kura, wanda ke kudu da birnin Kano kimanin kilomita 30 bisa hanyar Zariya, tun zamanin kakanni an san shi da rini da bugu, har baƙin rawanin nan mai walƙiya da Buzaye ke saye da tsada ɗan Kura ake ce masa. A wancan zamani, in damina ta ɗauke, ba a ganin ɗanyen ganye sai a bakin rafi, inda masu lambu ke ɗaga ruwa da jigo, guga bayan guga, suna zubawa a fangali. Yau kuwa matafiyi ya kan ratsa ƙasar cikin tsakiyar rani ya ga alkama da tumatir da albasa shar, iyakar ganinsa.

Asalin wannan sauyi madatsar Tiga ce, wadda aka gina bisa kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa ke biyo babbar magudana, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma, sa'an nan ya yi ta rarrabuwa kamar jijiyar ganye har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An nufi shayar da hekta 22,000 a kashin farko na aikin, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. Abin lura shi ne, ruwan nan ba inji ke tura shi ba, gangara ce kurum. Manomi ya kan ɗauki lanƙwasasshen bututun roba, ya cika shi da ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya aza shi bisa kafaɗar magudana, ya saki. Sai ruwa ya haura da kansa ya sauka cikin kunya, ba fetur, ba lantarki.

Amma ba kowace ƙasa ce magudana ta fi ta bisa ba. Akwai gidajen kan tudu, da filayen makarantu, da ɗan lambun bayan gida, da wurin renon iri. Masu irin waɗannan wurare rijiya ce madogararsu, ko burtsatse da tanki, su ja tiyo, yaro ya danne bakinsa da babban yatsa yana watsawa, wani wuri ya yi caɓi, wani ya kwana da ƙishi. Domin su ne 'yan kasuwa ke kawo wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a bakin tiyo, a kafa ta a ƙasa, ta riƙa juyawa tana yayyafi kamar ruwan sama. Da yawa sun saya sun yi murna. Da yawa kuma sun saya, sun gwada kwana biyu, sun jefa ta ƙarƙashin rumbu suna cewa an cuce su, alhali kuwa sau da yawa na'urar lafiyarta lau, sharaɗinta ne ba a cika ba.

Irin da ya fi ƙarko shi ne mai ƙwanƙwasa, wanda ake jin ƙararsa kas-kas-kas tun daga nesa. Wani manomin lemo ne a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ana ce da shi Orton Englehardt, ya ƙago shi a 1933, daga baya kamfanin Rain Bird ya yaɗa shi cikin duniya. Hikimarsa ba wuya. Ruwa na fita ta wata 'yar tsukakkiyar ƙofa da ƙarfi, ya bugi wani hannu mai kama da cokali, hannun ya kauce. Wata waya murɗaɗɗiya ta komo da shi, ya bugi jikin na'urar, ita kuwa ta ɗan gusa. Da haka da haka har ta kewaye. Watau ruwan da take zubarwa shi ne kuma ke juya ta, saboda haka in ruwan ya yi rauni, juyin ma ya mutu.

Wannan shi ne sharaɗi na farko, kuma nan ne yawancin masu saye ke faɗuwa. Ƙarfin ruwan tanki daga tsawon hasumiyarsa yake, ba daga girman cikinsa ba. Na'ura mai ƙwanƙwasa tana bukatar ƙarfin da ya yi daidai da ruwan da ya sauko daga mita 20 zuwa 30. Tankin gida kuwa da wuya ya wuce mita 5 ko 6 a bisa. Ko da tankin ya kai girman ɗaki, in a nan ya tsaya, ruwa zai fito ya lanƙwashe gaban na'urar kamar na bakin buta, hannu ba zai buga ba. Mai irin wannan tanki ɗayan biyu ne a gabansa: ko ya sa ɗan injin turawa tsakanin tanki da tiyo, ko ya haƙura ya nemi ƙaramar na'ura mai fiffike, wadda ke juyawa da ƙarfi kaɗan, ko da yake jifarta ba nisa. Har wa yau tiyo da kansa na cin ƙarfin ruwa. Siriri mai rabin inci, in ya yi tsawo ƙwarai, ya kan shanye abin da zai isa bakin. Mai faɗin inci uku bisa huɗu ya fi, kuma duk inda ya naɗe ko yake ɗiga, hasara ce.

In ƙarfi ya samu, saura daidaitawa. Da fari a kafa turkenta a miƙe sosai, gama in ta karkata, gefe ɗaya zai yi jifa sama iska ta kwashe, ɗaya gefen ya riƙa haƙar ƙasa. A wuyanta akwai zobba biyu masu kunne, ana murza su da hannu. Su ne iyaka. Akwai kuma wata 'yar waya a bayanta da ke tafiya tsakaninsu, in ta taɓa kunnen wannan sai na'urar ta juyo, in ta taɓa na wancan ta koma. Mai son rabin da'ira ya buɗe zobban su fuskanci juna, mai shayar da kusurwa ya matso da su. Wanda ya kafa ta tsakiyar fili yana son ta kewaye duka, sai ya ɗage wayar sama, ba abin da zai tare ta.

Nisan jifa kuma abu biyu ke mulkinsa. Akwai ɗan ƙusa mai zare kusa da ƙofar ruwa. In aka murɗa shi ya shiga cikin ruwan, sai ya fasa shi, ɗigon ya yi laushi, jifa ta gajarta. In aka janye shi, ruwa ya tafi a dunƙule, ya yi nisa, amma ya faɗi da nauyi. Akwai kuma wani ɗan marfi a bisa da ake sunkuyar da shi ya danne ruwan ƙasa. Mai renon irin tumatir ko albasa ko attaruhu ya kula da ƙusan nan ƙwarai, don manyan ɗigo na tone iri, su kwantar da tsiro, su daddaɓe fuskar ƙasa ta yi ɓawo, har abin da ke ƙasa ya kasa huda shi. Wanda ya yi hasarar gadon iri ba kuɗin iri kaɗai ya rasa ba. Ya rasa mako uku ko huɗu na reno, ya yi dashe a makare, kayansa su isa Kwanar Gafan ran da kowa ya kawo nasa, kwando ya faɗi.

Ana gane ciwon na'ura daga surar ruwanta. In ƙarfi ya yi yawa, ruwan ya kan zama hazo, ya tashi, ya tafi gidan maƙwabci. Maganinsa a rage famfo. In ƙarfi ya gaza, ruwan ya kan taru can bakin da'ira kamar awarwaro, tsakani ya bushe, mai lambu ya ga gefe jiƙe ya ɗauka ya gama. Ko lafiyayyar na'ura ma ba ta raba ruwa daidai daga gindinta har ƙarshen jifarta. Don haka in za a matsar da ita, a kafa ta inda jifar farko ta tsaya, domin da'ira ta hau kan da'ira, raunin wannan ya sami cikon waccan.

Ido dai ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Wanda ke son yaƙini ya tara gwangwanayen madara iri ɗaya, biyar ko shida, ya yanke bakinsu, ya jera su daga gindin na'ura zuwa ƙarshen jifa, ya sake ruwa rabin sa'a, kana ya auna zurfin abin da kowanne ya tara. In wani ya ninka wani, da sauran gyara. Lissafin kuwa ga shi: zurfin milimita 1 daidai yake da lita 1 a kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. A ɗauka shuka na shan milimita 6 a yini, abin da ba baƙo ba ne a ranin ƙasar Kano, bazara ma ta kan fi haka. Fili mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, zai ci lita 600, watau jarka 24 mai lita 25, kusan kura biyu ta 'yan ga-ruwa, kullum. In gwangwani ya tara milimita 6 cikin rabin sa'a, to rabin sa'ar nan ta isa. Abin da aka ƙara a kai fetur ne ake ƙonawa a banza, fetur kuwa tun da aka janye tallafinsa a 2023 ba abin wasa ba ne, shi ya sa masu hali ke komawa ga injin hasken rana. Bayan awo kuma a sa fartanya a tona, a ga ko laima ta kai inda saiwa take. In aka ga ruwa ya fara kwanciya yana gudu, a kashe, a bari ƙasa ta haɗiye, sa'an nan a sake.

Lokacinta sassafe ne, daga fitowar alfijir zuwa hantsi. Da rana ta ɗaga, iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas ta kan tashi ta karkatar da yayyafin, zafi kuma ya sha rabonsa tun bai taɓa ƙasa ba. Na yamma liƙis kuwa ya kan bar ganye ya kwana jiƙe, ciwon ganye kuma laima yake so. Saboda wannan dalili tumatir da ya girma ya soma fure ba a so a riƙa yi masa ruwa ta ka, gara a bi da shi ta kunya yadda mutanen Kadawa suka saba. Itatuwa ma, mangwaro ko zogale ko darbejiyar tsakar makaranta, a yi musu kwari a gindi a kwantar da tiyo, ya fi musu. Na'urar ta fi dacewa da ciyawar fili, da alayyafo da latas da karas, da ƙasa mai yashi da ke shanye ruwan kunya tun bai kai ƙarshe ba.

Masu tunanin a ɗauki wannan dabara a shimfiɗa ta bisa manyan gonaki su tuna da Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda aka gama madatsa bisa gulbin Sakkwato a 1978. Wajen kashi biyu cikin uku na gonakin can da yayyafi aka shirya shayar da su, manyan injuna na tura ruwa da lantarki. Da wuta ta yi wuya, kayan gyara suka gagara, sai ɓangaren yayyafi ya tsaya, na gangara ya ci gaba da aiki. Mutanen Kura sun yi dace da ba a ɗora musu irin wannan kaya ba.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai magana. Ta tagulla ta fi tsada, amma ta roba rana na cinye ta, ta tsage. Mai gaskiya ya kan tambayi mai saye inda ruwansa ke fitowa kafin ya karɓi kuɗi, gama sayar wa mai gajeren tanki na'ura mai ƙwanƙwasa, alhali an san ba za ta juya ba, ɓoye aibi ne ko da kayan ba su da aibi. Ya kamata kuma a haɗa masa da zoben roba na mahaɗa, da maɗaurin tiyo, da 'yar rariya, musamman in ruwan magudana ko na kududdufi zai ja, don yashi da gansakuka na toshe ƙofar. In ta toshe, a kwance a wanke, a sa tsinken tsintsiya. Kada a sa ƙusa, zai faɗaɗa ƙofar, jifa ta lalace har abada.

Sauran haƙƙin maƙwabci. Katangar ƙasa ba ta jure yayyafin kullum, gindinta ke fara zubewa, kuma katanga ɗaya ta kan raba gida biyu. A daidaita zobba ruwa ya tsaya taƙi biyu kafin ya isa gare ta, a kuma kawar da allunan yara, kada a wanke musu karatu tun ba su biya ba. Wanda kuma ke so ya jefa tiyon inji cikin magudanar hukuma ya ja zuwa tudu, ya sani ruwan nan rabo ne, yana da ranaku, akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke tsara shi tare da hukuma, kuma abin da na sama ya ɗiba ba bisa ƙa'ida ba, daga bakin na ƙarshen magudana ya ɗebe shi. Malamai sun san wannan babi. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun ambaci raba ruwan tarayya da ƙildu, watau tukunya mai huda da ake cikawa a rataye, kowane mai rabo ya sha gwargwadon lokacin da nasa kason ke ɗiga, in ya ƙare a juya ruwa ga na gaba. Mai bukata ya je ga shugabannin ƙungiyar yankinsa tun kafin ya sayi inji, ya ji ko akwai rana da sa'ar da za a iya ba shi.