eFoil: allon da ke tashi sama da ruwa

Bidiyon nan da kake gani a TikTok, mutum tsaye kan allo yana shawagi sama da ruwa, ba siddabaru ba ne. Sunansa eFoil. Batir na cikin allon, farfela da fiffike suna ƙarƙashin ruwa, rimot a hannu. Kamfanin Lift Foils ya fara sayar da shi a 2018.

In kai sabon shiga ne, ajiye gayu. Nemi babban allo mai faffaɗan fiffike, ka fara rub da ciki, sai durƙuso, sannan tsayuwa. Ƙaramin fiffike na gwanaye ne: ya fi gudu, amma kuskure kaɗan, sai tsundum! Hular kwano da rigar ceto dole ne, don fiffiken na yanka. Kuɗin fa? Sabo yakan haura dala 10,000, gara ka fara da haya.