Rana, Ƙanƙara da Girgizar Ƙasa

Ranar 6 ga watan Fabrairu 2023, tun kafin asuba, aka yi wata babbar girgizar ƙasa a Turkiyya da Siriya. Gidaje suka rushe a kan masu barci, mutum fiye da 50,000 suka rasu. Duk sa'ad da irin wannan masifa ta auku, sai a yi ta faɗe-faɗe. Waɗansu su ce rana ce ta jawo, waɗansu kuwa su ce sauyin yanayi ne. To, yara, bari mu duba mu ga inda gaskiya take.

Da fari sai ku sani, ƙasar nan da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce. Ɓawon duniya a tsattsage yake, ya kasu manyan faya-fayen dutse, kamar tukunyar da ta fashe aka harhaɗa ta. Cikin duniya kuwa akwai zafi mai tsanani, shi ya sa dutsen da ke ƙarƙashi ke motsi sannu sannu, faya-fayen nan kuma na tafiya a bisansa. Tafiyarsu ba ta wuce 'yan santimita a shekara ba, kamar yadda farcenku ke tsiro. Inda faifai biyu suka haɗu, sai bakinsu ya cije, alhali kuwa ba su daina tura juna ba. Haka za su yi shekaru ɗaruruwa. Ku ɗauki kara ku yi ta lanƙwasa shi, za ku ga ya jure, ya jure, sa'an nan ya karye farat ɗaya. Haka dutsen ke yi, wannan karyewa kuwa ita ce girgizar ƙasa. Mu nan Afirka ta Yamma a tsakiyar faifai muke zaune, don haka ba safai muke jin ta ba, ko da yake an yi wata mai ƙarfi a birnin Akra cikin 1939.

To, ina hannun rana a ciki? Lalle rana tana da ƙarfi ƙwarai. Wani lokaci takan yi tsartuwa, ta watso wani irin ƙarfi mai dagula lantarki. A 1859 ya ɓata wayoyin tangarahu a Turai da Amurka. A watan Maris 1989 kuma ya ɗauke wutar lardin Kebek na ƙasar Kanada har wajen awa 9. Amma ɓarnar nan a sararin sama da kan wayoyi take tsayawa. Masana sun jera lokatan tsartuwar rana na shekaru masu yawa, sun gwada su da lokatan manyan girgizar ƙasa, ba su ga suna tafiya tare ba. Zafin rana ma bai shiga ƙasa da nisa. Ai kun san ruwan rijiya mai zurfi ba ya ɗaukar zafi ko da tsakiyar bazara. Girgizar ƙasa kuwa galibi daga zurfin kilomita da yawa take tasowa, wani lokaci har 700.

Maganar yanayi ita ce ke da ƙamshin gaskiya, dalili kuwa shi ne nauyi. Shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kauri fiye da kilomita 2 ta lulluɓe arewacin Turai, ta danne ƙasa kamar yadda mai zama ke danne katifa. Da duniya ta yi ɗumi ƙanƙarar ta narke, sai ƙasa ta fara tasowa, duwatsu suka tsage, aka yi manyan girgiza a arewacin Suwidin. Har wa yau ƙasar wurin tana ɗagowa kusan santimita 1 kowace shekara. Ruwa ma haka yake. A Indiya an gina babbar madatsar ruwa a Koyna, aka fara tara ruwa a cikinta a 1962. Cikin Disamba 1967 ƙasa ta girgiza a wurin, mutum wajen 180 suka mutu. Masana sun ce nauyin ruwan da shigarsa cikin tsagar duwatsu ne suka ingiza ta.

Amma ku lura da abu guda. Iska takan kaɗo nunannen mangwaro, amma ba ita ta nunar da shi ba. Haka ƙanƙara da ruwa, ba su ke tura faya-fayen duniya ba. Iyakarsu su gaggauta karyewar dutsen da dama ya kusa karyewa.

Saboda haka, in wani ya ce muku ya dubi rana ya san ranar da ƙasa za ta girgiza, kada ku razana, kada kuma ku yaɗa maganarsa. Har yanzu babu masanin da ya iya faɗin ranar, sanin wannan sai Allah. Abin da mutane suka iya shi ne sanin wuraren haɗari, da gina gidaje masu jure girgiza, kamar yadda mutanen Japan ke yi.

Tambayoyi
1. Mene ne ke kawo girgizar ƙasa?
2. Me ruwan rijiya ya koya mana game da zafin rana?
3. Don me ƙasar Suwidin ke ɗagowa?
4. Bayyana misalin iska da mangwaro.