Labarin Gidan Marayun Kyanwoyi Na Birnin Landan

Al'adar kasuwa a ko'ina ita ce mai saye shi ke binciken haja. Mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya dubi haƙora, mai sayen goro ya kan kwance huhu ya kai hannu har ƙasa, shi kuwa mai haja ba ruwansa da inda za a kai ta, muddin kuɗinsa sun shiga aljihu. To, a birnin Landan na ƙasar Ingila, kudu da kogin Thames, a wata unguwa da a ke kira Battersea, akwai wani gida inda aka juya wannan al'ada. A can, wanda ya zo karɓa shi a ke bincike, har ma a kan sallame shi hannu banza, ko da ya zo da kuɗi cike da jaka. Abin da a ke bayarwa kuwa a gidan nan ba zinariya ba ne, karnuka ne da kyanwoyi waɗanda suka rasa mai riƙonsu.

Asalin gidan wata mace ce mai suna Mary Tealby. A shekarar 1860 ta sami wani tsohon bargan dawaki a unguwar Holloway, arewacin birnin, ta riƙa tara karnukan da suka ɓata ko yunwa ta kayar, tana ciyad da su. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, ta ce ina hankalin mai gina wa kare gida alhali 'yan Adam suna kwana da yunwa a titi. Matar ba ta fasa ba, har ta mutu a 1865, aikin kuma bai mutu tare da ita ba. A 1871 aka ƙaura da gidan zuwa Battersea, a 1883 aka fara karɓar kyanwoyi, a 1885 Sarauniya Victoria ta yarda ta zama uwar gidan. Amma sai can daga baya aka sa sunan kyanwa cikin sunansa. Yana da rassa biyu bayan na Landan, ɗaya a Old Windsor, ɗaya a Brands Hatch. Ba ya cin kuɗin baitulmalin gwamnati. Da kyautar jama'a ya ke tafiya, da abin da mutane su kan bari cikin wasiyyarsu. Ba kuwa shi kaɗai ba ne a ƙasar, gama akwai wata jam'iyya mai suna Cats Protection, wadda aka kafa a 1927, ita kyanwoyi kaɗai ta ke kula da su.

Hanyoyin da kyanwa ke bi ta faɗa gidan nan ba su da wuyar ganewa. Wata tsohuwar da ke riƙonta ce ta mutu, magada suka raba kaya, ba wanda ya ce a ba shi ita. Wani ya koma gidan haya inda mai gida ya hana ajiye dabba. Wani talauci ya kama shi. Amma babbar ƙofa ita ce haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikinta mako 9 ne, tana iya haihuwa har sau 3 a shekara, kowace haihuwa kuwa 'ya'ya 4 ko 5. Ɗan kasuwa ya ƙidaya wannan da yatsunsa, ya gani ko akwai wata dukiya mai irin wannan yaɗuwa wadda ba mai saye.

In an kawo ta, likitan dabbobi ya fara dubawa. A kan bi bayan wuyanta da wata na'ura, a ga ko akwai alamar mai ita. Alamar nan wani ɗan ƙanƙanin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, wanda a ke tura shi da allura ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Yana ɗauke da lamba, lambar kuwa tana rubuce cikin rajista tare da sunan mai dabbar da inda ya ke. In an sami mai ita, a aika masa. In ba a samu ba, a yi mata allurar rigakafi, a ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki, a sa mata alamar, kana a yi mata aikin hana haihuwa. In muzuru ne a fiɗiye shi. Sa'an nan ma'aikata su zuba mata ido kwana da kwanaki, suna rubuta halinta: ko tana son mutane ko tana gudunsu, ko tana jure hayaniyar yara, ko tana yarda da kare, ko ta saba da fita waje. Gidan bai yanka wa dabba wa'adin zama ba. Amma wadda ciwonta ya fi ƙarfin magani, likita ya kan yi mata allurar da za ta ƙare ranta ba da wahala ba.

Sai a zo kan mai nema. Shi ma takarda ya ke cikewa, a kuma zauna da shi a yi masa tambayoyi, irin waɗanda waliyyi ke yi wa mai neman aure. Gidanka ne ko na haya? In na haya ne, mai gida ya yarda? Su wa ke ciki, shekarun yaran nawa? Akwai wata dabba? Ƙofarka tana bakin babban titi ne inda motoci ke gudu? Sa'a nawa gidan ke zama ba kowa? Waɗansu gidajen marayun su kan aiki mutum ya gano wurin da idonsa, waɗansu su ce a aiko da hoto. Bayan an gama, ba lalle ba ne a ba shi wadda idonsa ya kama. Mai yara ƙanana ba za a ba shi matsoraciyar kyanwa ba, kome kyaunta. Mai zama a bene ba za a ba shi wadda ta girma tana yawon gonaki ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi. Gidan ba ya cinikin biri a sama. In kyanwa tana da ciwon ƙoda, a faɗa. In tana yaƙushi idan an taɓa cikinta, a faɗa. In ta taɓa yin fitsari a kan shimfiɗa, a faɗa. Bayyana aibin haja, wanda littattafan fiƙihu suka wajabta a kan mai sayarwa, a nan ba wa'azi ke sa su ba, lissafi ne. Sun san duk aibin da suka ɓoye yau, bayan wata guda za a komo musu da shi cikin kwando, dabbar kuwa ta ƙara tsorata da mutane fiye da dā.

Game da kuɗi, a kan biya wani abu, amma ba su kiransa farashi. Gudummawa ce a kan abin da aka kashe na magani da abinci da aikin likita, galibi ma ba ta kai abin da aka kashe ba. Malamai za su tuna da hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka yi tsawa a kan kuɗin kare da na kyanwa, za su kuma tuna cewa mafi yawan malamai, kamar yadda Imamu Nawawi ya bayyana cikin sharhinsa, ba su ɗauki tsawar nan a kan haramci ba ga kyanwa mai amfani, sun ɗauke ta a kan kwaɗaitarwa mutane su riƙa ba da ita kyauta ko aro. Turawan Battersea ba daga nan suka koyo ba, amma inda suka sauka bai yi nisa da nan ba. Mai karɓa ya kan sa hannu a takardar alkawari, babban sharaɗi kuwa a irin waɗannan gidaje shi ne, in wata rana ya kasa, kada ya yar da ita, kada ya sayar, ya mayar musu. Watau abin ya fi kama da amana bisa ga saye.

Dokar ƙasar ma ta tsaya musu. Tun 2006 akwai dokar da ta ɗora wa duk mai riƙon dabba ya ba ta abinci da mazauni da suka dace da ita, ya kuma tsare ta daga ciwo da wahala. A watan Afrilu na 2020 aka hana dillalai da masu kanti a Ingila sayar da ɗan kyanwa ko ɗan kwikwiyo da bai kai wata 6 ba. Mai so sai ya je wurin wanda aka haife shi a hannunsa, ko gidan marayu. Daga 10 ga Yuni 2024 kuma ya zama wajibi a sa wa kowace kyanwar gida alamar nan kafin ta kai mako 20. Wanda aka kama bai sa ba, a ba shi kwana 21, in ya ƙi, tara har fam 500.

Mai karatu kada ya ce wannan duk wargi ne na mutanen da suka ƙoshi. Kusan shekara 600 kafin Mary Tealby, Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa a Alƙahira domin ciyad da kyanwoyin da ba su da kowa. Da amfanin lambun ya lalace a hannun masu kula, nauyin ya koma kan Babban Alƙali, har wani Bature mai suna Edward Lane, wanda ya zauna a birnin a ƙarni na 19, ya ba da labarin a kan zuba musu nama kowace la'asar a farfajiyar kotu. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ga labarin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma yi alwala da sauran. Cikin Buhari da Muslim ga labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Abin lura a hadisin nan na ƙarshe shi ne, laifin matar ya taru ne daga abu biyu: ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita nema. Kyanwar titi tana da wahalarta, amma ƙafafunta nata ne. Ranar da mutum ya rufe mata ƙofa, abincinta ya koma bi ta hannunsa, kyanwar gida kuwa ta kan yi shekara 12 zuwa 15, wata har 20. Tambayoyin Battersea duka a kan wannan su ke kewaya.

Saboda haka ba su sallamar mutum sai sun karanta masa yadda zai sauke baƙuwarsa. Ɗan kyanwa ba a raba shi da uwarsa kafin mako 8. In an kai ta gida, a ba ta ɗaki guda tukuna, da wurin ɓuya, da ruwa da abinci a gefe ɗaya, da tasar yashi ta bayan gida a can wani gefe. In ta shige ƙarƙashin gado kwana biyu, a ƙyale ta, ita za ta fito. Kada a bar ta waje sai bayan mako 3 ko 4, sa'ad da ta san nan ne gida, in ba haka ba sai a wayi gari ana muzuru ana shaho, ita kuwa tana can tana neman inda ta fito. Madarar shanu, wadda kowa ke zaton gata ce, zawo ta ke sa yawancinsu. Albasa da tafarnuwa suna ɓata musu jini. Ƙwayar paracetamol, wadda mutum ke sha don ciwon kai, guda ɗaya tana iya kashe kyanwa. Matafiyi kuma ya san tun da wuri wanda zai bar wa ita ranar da ya ɗaura kaya.

Ba duka ke samun gida da sauri ba. 'Yan ƙanana ba su daɗewa, amma tsofaffi su kan yi watanni suna kallon masu shiga da fita. Baƙaƙe ma haka, har Cats Protection ta keɓe 27 ga Oktoba domin tallar baƙar kyanwa. Ashe camfin baƙar mage ba na wata ƙasa ɗaya ba ne.

Mafi shahara cikin waɗanda suka fito daga Battersea wani muzuru ne mai suna Larry, wanda aka tsinto yana gararamba a titin Landan. A farkon 2011 aka ga ɓera a talbijin yana gilmawa a ƙofar gidan Firayim Minista, lamba 10 titin Downing, ana cikin karanta labarai. Wanda ya taɓa buɗe akwatin littattafansa, ko ya shiga sitonsa, ya iske aikin ɓera, ya san abin da ma'aikatan gidan suka ji. Ran 15 ga Fabrairu 2011, zamanin David Cameron, aka kai Larry can, aka naɗa shi sarautar kamun ɓera ta ofishin majalisar ministoci. Ba a daɗe ba jaridu suka fara zarginsa da barci a bakin aiki, suka mai da shi kamar kyanwar Lami. Duk da haka ma'aikatar harkokin waje da ta kuɗi su ma suka aika Battersea a 2016, aka ba ɗaya muzuru mai suna Palmerston, ɗaya mai suna Gladstone.

A watan Yuli na 2016 Cameron ya sauka daga mulki, ya kwashe iyalinsa da kayansa, bai tafi da Larry ba. Mutane suka yi ta surutu, sai ya bayyana a majalisa cewa muzurun na gidan ne, ma'aikata kuwa suna ƙaunarsa. Su ne ma ke biyan abincinsa daga aljihunsu. Bayansa Theresa May ta shigo ta fita, haka Boris Johnson, da Liz Truss, da Rishi Sunak. Sa'ad da Keir Starmer ya shiga gidan a watan Yuli na 2024, shi ne Firayim Minista na shida da ya zauna tare da muzurun, wanda a lokacin ya kai kimanin shekara 17.