Dodon koɗi da ciwon tsargiya

Idan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙe, sai mu ga dodon koɗi ya fito a gindin shinge ko ƙarƙashin ganye. Yana tafiya sannu-sannu, gidansa a bayansa. Duk inda ya bi, sai ya bar yauƙi mai ƙyalli. Yara sun san gidan nan ƙwarai, gama shi ne katantanwar da suke murzawa a dandali.

Dodon koɗi ba ya da ƙashi ko ɗaya. Ƙafarsa ɗaya ce, mai faɗi, a kanta yake jan ciki. Na tudu ƙahoninsa huɗu ne: biyu dogaye, biyu gajeru. Idanunsa suna bisa kan dogayen. Harshensa kamar magagari yake, da shi yake kankarar ganye. Da rani sai ya shige gidansa, ya toshe ƙofa da busasshen yauƙi, ya kwanta cikin ƙasa wata da watanni, sai damina ta tashe shi. Can kudu, cikin kurmin Gana da na Najeriya, akwai manya waɗanda suka kai dunƙulen hannu. Mutanen can suna cin su, har a kasuwa ake sayar da su. Akwai kuma ɗan'uwansa marar gida. Shi wannan ba ya jimre wa fari, sai a wuri mai laima kamar garka.

Cikin ruwa ma akwai danginsu. Wani yana da ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa kamar ƙyaure. Ba ya da kai. Yana binne cikin laka, yana tace ruwa ya sami abincinsa. Wannan bai dame mu ba. Wanda ya kamata mu sani shi ne wani ɗan ƙarami, wanda da ƙyar ya wuce santimita 1. Masana suna kiransa Bulinus.

Ina yake zaune? Yana son ruwa mai kwanciya, mai ciyawa. A gundumomin Agye da Gazawa, tabkuna ne ke cika da damina. A Gidan Rumji kuwa ga Gulbin Maradi, wanda ke fitowa daga wajen Katsina. Idan gulbi ya janye, yana barin ruwa kwance nan da can. Kududdufin da aka haƙa don yin tubali shi ma wurin zamansa ne. Kada ku ce ai tabkinmu yana ƙafewa kowace shekara. Wasunsu suna nutsewa cikin laka kafin ta bushe, su jira ruwan baɗi.

Shi kansa ba ya cizo, ba ya da dafi. Amma masauki ne na wata tsutsa, ita ce ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini. Ku bi hanyarta da kyau, don zagaye take yi.

Yaro mai tsargiya ya yi fitsari cikin tabki. Cikin fitsarin akwai ƙwayayen tsutsa, ido ba ya ganinsu. Da sun taɓa ruwa sai su ƙyanƙyashe. Ɗan abin da ya fito sai ya shiga iyo, yana neman Bulinus. Idan bai same shi ba cikin yini guda, mutuwa zai yi. Idan ya same shi, sai ya shige jikinsa, ya yi ta hayayyafa har mako 4 zuwa 6. Daga nan dubban ƴan tsutsotsi masu wutsiya za su riƙa fitowa cikin ruwa. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka.

Ba sai mutum ya sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin ƴan mintoci kaɗan. Mai wanka, mai wanki, mai su, mai kwaɓa ƙasar tubali, mai shayar da dabbobi, duk wanda ya tsoma ƙafa yana iya kamuwa. Wani yana jin ƙaiƙayi bayan ya fito, wani ba ya jin komi. Tsutsar tana bin jini, ta girma, ta kai santimita 1 ko 2. Namiji da mace suna zaune tare cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Kullum macen tana zuba ƙwai. Ƙwayayen nan suna da ƙaya. Su ne ke huda mafitsara, shi ya sa jini ke biyo ƙarshen fitsari, wata 2 ko 3 bayan wankan.

A wasu garuruwa ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce, wai yaro ya zama namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne. Abin da ya sa aka fi ganinsa ga samari, su suka fi daɗewa cikin tabki. Ƴan mata ma suna kamuwa, sai dai kunya tana hana su faɗi. Yaro mai tsargiya jininsa yana raguwa, yana gajiya, karatu ba ya zama a kansa. Idan aka bar ciwon ya daɗe, yana ɓata mafitsara da ƙoda, yana kuma iya hana mace haihuwa.

An daɗe ba a gane wannan zagaye ba. A shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Daga sunansa ne ciwon ya sami sunansa na Faransanci. Amma sai a 1915 wani masani, Robert Leiper, ya nuna cewa ta jikin dodon koɗi take bi. Shekara 64 ke nan tsakani!

Maganin yana nan, sunansa Praziquantel. A Nijar, a shekarar 2004 aka soma babban shirin raba shi ga ƴan makaranta. Ana tsai da yaro jikin sanda mai zane, tsawonsa ne ke nuna ƙwaya nawa zai sha. A ci abinci tukuna, don kada ya murɗa ciki. Sai dai maganin tsutsar da ke jiki kawai yake kashewa. Wanda ya koma tabki, sabuwa za ta shige shi.

A ganina, wurin da ya fi sauƙin tsinke zagayen shi ne fitsari. Ba mu iya tsince dodon koɗi duka daga tabki. Amma idan ba wanda ya yi fitsari cikin ruwa ko a bakinsa, Bulinus ba zai sami abin da zai ba mu ba. Ruwan wanka kuwa, a ɗebo na rijiya ko na famfo. Idan dole sai na tabki, a tafasa shi, ko a aje shi cikin tulu kwana 2 cur. Ƴan tsutsotsin ba su daɗewa idan ba su sami mutum ba.

Idan tabkin garinku ya ƙafe, ku je tare da malaminku, ku tsinto busassun ɓawo bisa laka. Kada ku sa hannu cikin ruwa. Ku riƙe ɓawo, tsininsa sama, ƙofarsa tana dubanku. Katantanwar tudu ƙofarta tana hannun dama. Idan kun ga ƙarami mai ƙofa a hannun hagu, ku ware shi cikin kwalin ashana, ku rubuta sunan tabkin a kai, a kai wa likitan garinku ya gani.